Tambayi Tsohon Malamin Daji: Dogon Yaro Ya Jingina da Katanga

Assalamu alaikum. Tun da iskar farkon damina ta fara kaɗawa, wasiƙun da ke shigowa wannan fili suka koma kan magana ɗaya, wato itace da injin da ake kayar da shi. Ban yi mamaki ba, duk shekara haka muke yi a Sakkwato. Mutum ya sha inuwar dogon yaro tun daga Maris har Mayu, ana zafin da ya haura digiri 40, bai taɓa ɗaga kai ya dube shi ba. Sai daren da hadari ya taso daga gabas ya ji reshe yana gugar kwano, sannan ya tuna yana da bishiya. Na zaɓo wasiƙu biyar, na kuma bar su da Sakkwatancinsu yadda aka rubuto. Edita ya yi haƙuri.

Tambaya: Baba, ina gaisuwa. Akwai wani dogon yaro cikin gidanmu nan Mabera, mahaifinmu ya dasa shi tun ba a haife ni ba. Yanzu ya karkata wajen katangar maƙwabci, saiwarshi kuma ta fasa muna daɓe. Wani abokina na da injin sare icce, ya ce in zo in ara ran Asabar, wai ba wani abu ba ne, kamar tada janareta ne. Mi kaka gani? (Magidanci daga Mabera)

Amsa: Ɗana, abokinka ya yi gaskiya a wuri ɗaya, igiya ce za ka ja inji ya tashi. Sai dai janareta in ya tashi zama yake yi inda aka ajiye shi. Kada ka aro.

Sarƙar injin ita mutane suke tsoro, don ita ke da ƙara, ita ke da haƙora. A shekarun da na yi ina aikin gandun daji na san mutane da dama da sarƙa ta yanka, yawancinsu suna nan da tabonsu, muna haɗuwa a sahu. Waɗanda muka yi wa sallah kuwa, itacen ne ya danne su, ko busasshen reshe ya faɗo musu a ka. Dogon yaron da ya girme ka, ɗanye, da ruwansa da ganyensa, ya fi ƙaramar mota nauyi, kuma da zarar ya kama hanya babu mai ce masa dakata.

Ga wani gwaji da ba ya cin ko kwabo. Kafa sanda a fili bayan azahar, ka jira har inuwarta ta yi daidai da tsawonta, wajen shigar la'asar ke nan. A daidai wannan lokaci inuwar bishiyar ita ce tsawon bishiyar, sai ka auna ta da taku. Ƙa'idar masu aikin ita ce, kada a sami mutum ko dabba a cikin ninki biyu na wannan tsawon, ta kowane gefe. Littafin da ke zuwa tare da injin Stihl ma biyu da rabi ya ce. Itace mai mita 12 yana neman fili mita 24 zuwa 30 ke nan, gabas da yamma, kudu da arewa. Wane gida ne a Mabera yake da wannan? In ma ka je awo ka tarar inuwar ta haura katanga ta sauka tsakar gidan maƙwabci, ka riga ka sami amsarka.

Irin wannan itace ba kayar da shi ake yi ba, sauke shi ake yi. Daga sama ake farawa, reshe-reshe, kowane babban reshe a ɗaura masa igiya a zuro shi ƙasa a hankali, shi ma mai hawan yana ɗaure da uwar bishiyar. Ƙananan rassa adda da zarton hannu sun ishe su. Kowane reshe kuma a fara tsaga shi kaɗan ta ƙasa kafin a yanke ta sama, in ba haka ba zai ɓalle tun ba a gama ba, ya saɓule ɓawon, ya yi lilo ya dawo ya sami mai yankan. Duk wanda ya zo ya jingina tsani ya hau da inji a hannu ɗaya, ka ba shi kuɗin mai ka sallame shi.

Idan za ka ɗauki mai aiki, kada ka fara da ciniki. Tsaya ka ga abin da zai fara yi. Wanda ya san sana'arsa ba ya kwance inji daga bayan babur sai ya zagaya itacen sau biyu ko uku, kansa a sama, yana neman busasshen reshe da gidan zuma ko rina. Sai ya ɗauki gatari ya bubbugi gindin da ƙeyarsa yana kasa kunne. Lafiyayyen itace amsawa yake a dunƙule, sautin ya mutu nan take. Wanda gara ta cinye cikinsa kuwa sai ka ji kamar ana buga tulun da ba ruwa. Zai sa farce ya kankare 'yar hanyar jar ƙasa da gara ke ginawa a jikin ɓawo ya ga ko tana ciki. Zai tambaye ka ko an taɓa kafa ƙusa. Ka faɗa masa gaskiya, don itacen cikin gida cike yake da ƙarfe: ƙusar igiyar shanya, wayar da aka ɗaure ragon layya da ita shekara goma da ta wuce, duk itacen ya haɗiye su ya rufe baki. Sannan ka yi masa tambaya ɗaya: "Reshen can da ke kan katanga, ina zai sauka, kuma mene ne zai hana shi sauka wani wuri?" In ya nuna maka igiya da inda zai ɗaura ta, ku yi ciniki. In ya ce "Alhaji, kada ka damu, Allah zai kiyaye" ya tsaya nan, ka ce amin, ka nemi wani.

Ran aikin a sanar da maƙwabci tun da dare, a yi shi da safe kafin iska ta tashi, lokacin da yara suke makaranta. A sa babban mutum ya tsaya bakin lungu, don ƙarar inji kiran yaran unguwa take yi kamar kalangu.

Amma dakata, dole ne a cire shi gaba ɗaya? Duba gindinsa ta gefen da ya ba wa baya. In ƙasar wurin ta tsage ko ta ɗan ɗago, saiwar ta fara saki, a sauke shi kafin ruwa ya zauna. In ƙasar na nan lafiya, a aske masa kai kawai, a rage nauyin da ke gefen katanga. Dogon yaro damina ɗaya ta ishe shi ya sake tohowa. Daɓe kuwa siminti ne, ga masana'antar siminti ta Kalambaina nan kusa. Inuwar da mahaifinka ya dasa ba a sayar da irinta a kasuwar Kara.

Tambaya: Baba, ni matashi ne. Na sayi inji na hannu da kuɗin albasar da na noma, ina yi ma mutane aiki cikin gonaki wajen Wurno da Goronyo. Ba wanda ya koya min, kallo na yi. Sau biyu ke nan icce na komowa baya shi danne min inji, sau ɗaya kuma injin ya yi tsalle ya kusa samun huskata. Wasu sun ce iccen ne ke da iskoki. Ina kuskurena? (Mai inji daga Wurno)

Amsa: Ɗana, iskar da ke cikin maganar nan ɗaya ce, wadda ke kaɗa ganye, ita ma in ta yi ƙarfi ka ajiye aiki. Na ji daɗi da ka faɗi gaskiya cewa kallo ka yi. Matsalar kallo ita ce, ido yana ganin inda gwani ya yanka, ba ya ganin inda ya ƙi yankawa, kuma aikin duka a nan yake.

Yanka uku ake yi. Biyu na farko su ke buɗe abin da nake kira baki, a gefen da kake son itacen ya faɗi. Ɗaya ya gangaro daga sama a karkace, ɗaya ya shiga a kwance, su haɗu cif, ɓallin ya fito kamar yankan kankana. Zurfin bakin kashi ɗaya cikin biyar ne zuwa ɗaya cikin huɗu na kaurin itacen. Inda bakin nan ya kalla, nan itacen zai nufa, saboda haka ka tsuguna a gabansa ka duba da kyau kafin ka ci gaba. Na uku shi ne yankan ƙeya. Ka koma baya ka shiga a kwance, sama da ƙasan bakin da kamar yatsa biyu, ka nufi bakin, amma kada ka isa. Ka bar wani siriri daga wannan gefe zuwa wancan wanda sarƙa ba ta taɓa ba, faɗinsa kashi ɗaya cikin goma na kaurin itacen. In itacen santimita 50 ne, baki ya ci 10 zuwa 12 da rabi, abin da za ka bari ya zama 5, yatsa uku ke nan.

Wannan da ka bari ni linzami nake ce masa. Kai ɗan Wurno ne, ka ga hawan sallah, ka san abin da doki ke yi in linzami ya tsinke. Muddin yana nan, itacen a kansa zai lanƙwasa ya bi inda baki ya nuna, gindinsa na riƙe da kututture har ya kusa kai ƙasa. Ka yanke shi, itacen ya zama tsayayyen gungume da ba abin da ke riƙe da shi, ya juya ya faɗi inda ya ga dama. Ka bar gefe ɗaya da kauri ɗaya siriri, ya janye zuwa gefen mai kaurin. Haka nan in yankan baki biyun nan ba su haɗu daidai ba, ɗaya ya zarce ciki, ka cinye linzamin ta gaba ba ka sani ba.

Komowa baya da ya yi maka kuwa, rashin weji ne. Ko karen mota bai raina weji ba. Da zarar harshen injin ya shige ciki ya bar wuri a bayansa, ka cusa weji a yankan ƙeyar ka buga. Shi zai hana yankan rufewa, shi ne kuma zai tura itacen gaba in ka ƙara bugu. Na roba ake sayarwa, amma in ba ka samu ba ka sassaƙa na kirya ko marke. Ban da na ƙarfe, don in sarƙa ta taɓa shi haƙoranta ne za su tashi. In kuma ya riga ya danne, kashe inji. Kada ka tsaya kana fizga kana jijjiga itacen da ke kanka. Inji ana sayen wani.

Tun kafin ka ja igiya ka share hanyar gudu guda biyu, ka kawar da ƙaya da sabara da jarkar mai. Ba baya sak ba, don gindin itace harbi yake yi baya in kansa ya bugi ƙasa. Ba gefe sak ba. Tsakaninsu, a karkace. Da ka ga yankan ƙeya ya fara buɗe baki, zare inji, kashe, ka tafi, idonka a kan itacen. In ya faɗa kan wani itacen ya rataye, kada ka shiga ƙarƙashinsa, kada ka sare wanda ya tare shi. A jawo shi daga nesa da doguwar igiya ko tarakta.

Bari in ba ka labarin abin da ya fi ba ni tsoro, don shi ne ya fi kama da sauƙi. Wata shekara da rani, a wata gona bakin fadama, akwai wani dogon itacen turare da ya sunkuya sosai kan hanyar ruwa. Mai injin ba sabon shiga ba ne, ya fi ni sanin inji nesa ba kusa ba. Ya dube shi ya yi dariya ya ce wannan ai ya riga ya faɗi, rakiya kawai za a yi masa. Ya ɗan buɗe baki sama-sama, ya koma ƙeya. Bai kai rabi ba muka ji kamar an harba bindiga. Gangar jikin itacen ta tsage a tsaye, tsagar ta haura sama da tsawon mutum, ɓangaren baya ya ɗaga sama ya kwashe shi ta kafaɗa. Injin na ƙasa yana ta kuka shi kaɗai, hularsa muka tsinto cikin kwamin albasa. Ya rayu, amma har yau hannun nan ba ya kai loma baki. Itacen da ya karkata, jijiyoyin bayansa a miƙe suke kamar tsirkiyar baka, kana taɓa su suna neman hanyar saki. Gwanaye kan ɗaure gangar jikin da sarƙar mota sama da wurin yanka, ko su huda itacen ta tsakiya su gyara linzami tukuna, su bar ɗan abin da ke riƙe da ƙeya sai ƙarshe. Wannan hudawar ba a koyon ta a takarda. Ka nemi wanda ya iya ka bi shi wata biyu kana ɗaukar masa jarka, ba faɗuwa ba ce.

Saura tsallen da injin ya yi maka. Harbi ne, kamar na jaki, kuma wuri ɗaya yake fitowa: saman hancin harshen, inda sarƙa ke juyowa. In wannan wuri ya taɓa reshe, ko ƙusa, ko yanka ya matse shi, haƙorin ba ya yanka, tokarewa yake yi, sai injin duka ya taso sama ya nufo fuskarka kafin ka ƙifta ido. Sarƙar tana gudun kusan mita 20 a daƙiƙa ɗaya, kilomita 72 a awa ke nan, gudun mota a hanyar Illela. Ka kuma san asalinta: likitoci ne suka fara ƙera sarƙa mai haƙora don yanke ƙashin mutum. A 1830 wani likitan Jamus, Bernhard Heine, ya yi tasa mai juyawa da hannu. Sai a 1926 Andreas Stihl ya fito da injinsa na yankan itace mai aiki da lantarki. Ƙashi ta fara sani kafin katako.

Riƙe da hannu biyu koyaushe, babban yatsan hagu ya zagaye mariƙin gaba, ba a ɗora shi sama ba. Tsaya ɗan hagu da layin harshen, yadda in ya taso zai wuce ta gefen kafaɗarka. Kada ka yanka abin da ya fi kafaɗarka tsawo. Garkuwar nan da ke gaban hannun hagu birkin sarƙa ce, ka gwada ta kowace safiya. Manyan tsofaffin injuna irin Stihl 070, waɗanda masu tsaga katako ke so saboda ƙarfinsu, ba su da birkin nan, don haka ka duba naka tunda na hannu ka saya. A ƙasa ake tayar da inji, ƙafa a cikin mariƙin baya, ba a riƙe shi a iska ana wurga shi ana jan igiya kamar yadda samari ke yi don burgewa ba. Bayan ka zuba mai ka matsa taku huɗu ko biyar kafin ka tayar. Haɗin mai kuma ka bi abin da aka rubuta wa injinka. Masu neman 50 da 1, mililita 100 na man haɗi ne a lita 5 na fetur, ba a yi da ido.

Ka riƙa kallon abin da injin ke tofarwa. Sarƙa mai kaifi ɓarɓashi take fitarwa manya-manya kamar ɓawon gyaɗa, kuma ita ke jan kanta cikin itace. In ka ga gari na fita kamar na tuwo, kana dannawa da ƙarfin ƙirji, ta dakushe, zauna ka ɗauko magagari. Sai dai kada ka yi abin da wasu ke yi, su goge 'yan ƙahonin da ke gaban kowane haƙori wai don inji ya ci da sauri. Tazarar da ke tsakanin ƙahon da haƙori ba ta kai milimita ɗaya ba, da gangan aka yi ta haka. Ka zurfafa ta, inji ya ci da sauri, ya kuma yi harbi da sauri.

Tambaya: Baba, yaron wajena shekarunshi 17, shina bin wani mai inji. Da dare in ya dawo sai ya ce kunnenshi na ƙugi, sai na yi magana sau biyu kafin shi ji. Da silifas yake tahiya. Babanshi ya ce sana'a ce in bar shi. Ina da 'yan kuɗin adashi, mi ya kamata in saya mai? (Uwa daga Runjin Sambo)

Amsa: 'Yata, Allah ya yi wa adashin albarka. Babansa ya yi gaskiya, sana'a ce, kuma ta fi zaman bakin titi. Ke ma kin yi gaskiya.

Fara da hular kwano irin ta masu aikin gini, da abin toshe kunne. Ƙugin da yake ji gargaɗi ne. Masana sun sa iyaka a 85 a ma'aunin ƙara da ake kira desibel ga wanda zai wuni cikin ƙara, injin nan kuwa ya haura 100, kuma jin da ƙara ta cinye ba ya dawowa. Auduga ba ta tare komai, ki nemi na roba ko mai rufe kunne duka. Ni da nake ba ki shawara, jikokina ta kunnen dama suke zuwa in suna son kuɗin alewa. Bayan su sai takalmi mai ƙarfe a baki da tabarau. Akwai wando na musamman mai zare a ciki, wanda in sarƙa ta kama shi zaren ke cushe inji ya tsaya. Yana da tsada, yana da zafi, wannan kuma maigidansa ya kamata ya mallaka tunda shi ke riƙe inji. Abin da ba sai kin kashe kuɗi ba: kada ya fita da riga mai yalwa, ko ƙyalle a wuya, ko carbi na reto.

Ki sa babansa ya zauna da maigidan nasa su yi magana ta maza. Yaro mai shekara 17 aikinsa jarka da weji da tsare mutane, yana nesa, idonsa a sama, ba riƙe inji ba. In ana jan igiya, igiyar ta ninka tsawon itacen, kada ya naɗe ta a hannu. Ki kuma sa ido a kan ƙwayar nan, tiramol, da wasu masu aikin ƙarfi ke haɗiya don kada su ji gajiya. Gajiya ita ke gaya wa mutum ya ajiye inji. Da zafin bazara ko da azumi, aiki daga bayan asuba ne zuwa hantsi.

Abu na ƙarshe ki koya masa da bakinki, don wata rana shi ne zai kasance a tsaye wani na kwance. Yankan sarƙa ba irin na wuƙa ba ne, yaga nama take yi ta cusa mai da dusar katako a ciki. A samu ƙyalle mai tsabta a danne wurin da ƙarfi, kada a riƙa ɗagawa ana leƙe. In ya jiƙe a ɗora wani a kai. In hannu ne ko ƙafa kuma jini na tsartuwa ya ƙi tsayawa, a ɗaure sama da ciwon da kamar yatsa uku ko huɗu, ba a kan gaɓa ba, da ƙyalle mai faɗi, a sa ɗan itace a murɗa har jinin ya tsaya, a riƙe lokacin da aka ɗaure don a gaya wa likita. Ban da man birki, ban da fetur, ban da toka ko ƙasa. Na ga an zuba duka huɗun, ba wanda ya yi amfani. In yatsa ya fita a naɗe shi a ƙyalle mai ɗan laima, a sa a leda a ƙulle, a sa ledar cikin ruwan ƙanƙara, a tafi da shi. Wanda itace ya buga a ka ko a baya kuwa, kada a naɗe shi a ɗora kan kabu-kabu. A ciro ƙyaure a kwantar da shi a miƙe, wani ya riƙe kansa kada ya juya, a nemi mota. Ku da ke cikin gari ga asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo nan kusa. A tambayi allurar sarƙewar haƙora. Karayar da ƙashi ya huda fata ba ta mai ɗori ba ce.

Tambaya: Malam, mu ne kwamitin wani masallaci a Arkilla. Reshen mangwaronmu na taɓa babbar wayar wuta. Mun yanke shawara mu jira a ɗauke wuta mu sa matasa su sare. Ya yi? (Sakataren kwamiti)

Amsa: Malam sakatare, bai yi ba. Ɗauke wuta daban, kashe layi daban. Wanda ya ɗauke bai san kuna kan bishiya ba, kuma ba ya sallama in zai maido. Manyan wayoyin nan na saman turke masu ƙarfin wuta volt 11,000 ne ko 33,000, ɗanyen reshe yana ɗaukar wutarsu, kuma ba sai an taɓa ba, in aka matsa kusa tsallakowa take yi. Ko ƙaramar waya ce, janaretan wani gida da aka haɗa ba daidai ba yana iya turo wuta cikinta. Ku rubuta takarda zuwa ofishin wutar lantarki na yankinku, su sa rana, su kashe layin da hannunsu, ma'aikacinsu na tsaye har a gama. In sun yi jinkiri ku koma, ku tafi da mai unguwa. Kafin nan a hana yara hawa tsinkar mangwaro, a faɗa bayan sallar magariba kowa ya ji.

Tambaya: Baba, mun gaji gona wajen Gwadabawa, akwai gawo ukku manya ciki. Masu sayen icce sun yi muna tayi mai kyau, su za su zo da injinsu. Sai mun nemi izni, ko tunda gonarmu ce shi ke nan? (Manomi daga Gwadabawa)

Amsa: Malam, ka taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Izni tukuna: ka je sashen gandun daji na ƙaramar hukumarku ka tambaya kafin inji ya shigo gona, ka karɓi takarda a hannu. Masu saye in sun loda mota sun tafi, kai da kututture za a tarar. Sakkwato na cikin jihohi 11 na ƙasar nan da ke cikin shirin katangar itatuwa ta tare hamada, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, kuma ku na Gwadabawa da Illela da Tangaza ba sai an ba ku labarin rairayi ba.

Tsohon gawo kuma mugun abin sara ne. Kansa cike yake da busassun rassa masu ƙaya, girgizar inji kaɗai ta isa ta sako ɗaya, mai yanka kuwa kansa na ƙasa, kunnensa cike da ƙara. Sau da yawa cikinsa kogo ne, ba inda za a sami linzamin kirki. In an yi ɓarna a gonarka, sunanka za a kira.

Ni dai da nawa ne ba zan sayar ba. Gawo ne kaɗai itacen da na sani yana zubar da ganye da damina, lokacin da gero ke son rana, ya kuma yi ganye da rani, lokacin da dabba ke son inuwa. Ganyen ya zama taki, 'ya'yansa awaki da tumaki su yi ta rububi, kashinsu ya zauna nan gindin. In itacen girki ne ya matsa muku, a rage rassa da barandami kamar yadda makiyaya ke yi, bana wannan, baɗi wancan. Ka ce wa masu tayin su dakata zuwa kaka. Ran da za ku yanke gero, ka ciro zangarniya biyar daga ƙarƙashin gawon, biyar daga can tsakiyar fili, ka jera su a kan tabarma gaban 'yan'uwanka magada, sannan ka sake rubuto mini.